Leƙe Uku na Nma Mai Tura Fim

Nma Sheshi bai zo Minna don ya yi sharhin fim ba. Gyaran rediyo ya baro Bida ya zo koya, yana ɗan shekara goma sha tara, kuma shi da bakinsa yake faɗa cewa duk rediyon da ya shigo shagon maigidansa yana tari, in ya bi ta hannunsa sai ya fita gawa. Ran da ya ƙona na uku a mako guda, maigidan ya ja shi gefe ya ce, "Nma, hannunka ba na wannan aiki ba ne. Amma bakinka, Allah ya yi masa albarka. Je ka nemi sana'ar da ake yi da baki." Bai ji haushi ba ko kaɗan, don ya san gaskiya aka gaya masa.

Ya fara da hayar kaset, ya koma sayar da faifai, da zamanin manyan wayoyi ya zo sai ya kama wani ɗan shago a Sauka Kahuta, tsakanin mai aski da mai sayar da doya. Kwamfuta ɗaya ce, da benci, da wata ƙatuwar sifika a bakin ƙofa da ke kiran mutane tun safe. Ka kawo wayarka ko memorinka, ya tura maka fim, ka kama gabanka. Sana'ar ke nan, yau shekara goma sha huɗu.

To, fim ɗin kwamfuta yana da wata muguwar ɗabi'a. Sai ya fara lafiya lau, ana tsakiyar daɗi ya daskare. Wata rana wata mata ta biyo keke tun daga Maitumbi, cikin ranar nan ta Minna mai dafa ƙwaƙwalwa, ta zo ta wanke Nma tas a gaban jama'a saboda fim ya tsaya mata daidai inda za a faɗi wanda ya saci jaririn. Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Duk sabon fim ɗin da ya shigo hannunsa sai ya leƙa shi sau uku: farko, tsakiya, da dab da ƙarshe. Minti biyu-biyu, murya a kashe, don sifikar bakin ƙofa ba ta barin a ji komai. In hoto ya motsa a wurare ukun nan, fim lafiyarsa ƙalau, ya shiga kasuwa.

Daga wannan leƙe ukun aka samu babban mai sharhin Sauka Kahuta. Mutum zai nuna fim a jerin ya ce, "Oga Nma, wannan fa?" Shi kuwa Allah bai halicce shi da iya cewa "ban sani ba". Sai ya gyara zama, ya ɗan taɓe baki.

"Wannan? An fara a falo, tsakiya a falo, an ƙare a falo. Ba su da kuɗin mota ne."

"Wancan fa, na Kanon?"

"Labarin talaka ne wai. Talakan da bai ci abinci kwana biyu ba, amma shaddarsa ta sha guga, ga agogo a hannu. In haka talauci yake, a rubuta sunana."

Fina-finan Indiya masu fassara ya ce suna da kirki wajen launi da rawa, sai dai mutum ɗaya ya doki arba'in hularsa ba ta karkace ba. Na Kudu ya yaba musu kuzari, ya ce 'yan wasansu in suna kuka da gaske suke yi, amma labarin da za a gama a awa ɗaya sai sun ja shi kashi shida. Masu dogon zango na Koriya ya ce tsafta kam sun gama da ita, ko mayaƙi ne ya fito daga filin daga fuskarsa sumul. Abin haushin shi ne, sau da yawa yana dacewa. Yana da ido, wannan ba a ƙwace masa ba. Cikin minti biyu zai hango cewa manomin fim ya riƙe fartanya riƙon tsintsiya, ko matar da aka tasa daga barci ta tashi da jan baki. Mu masu zaman benci kuwa sai mu yi ta gyaɗa kai, gobe mu je wurin aiki mu maimaita maganarsa kamar mu muka gano.

Mutum ɗaya ce ta san sirrin, matarsa Rahmatu. Ita ce mai kallon fim ta gaskiya a gidan, daga farko har sunayen ƙarshe. Ta san mijinta ko kusa ba ya iya zaman kallo. Minti goma ya yi yawa kansa ya fara sunkuyawa. Takan ce fim ɗaya ta san ya kusa gamawa, bidiyon bikinsu, shi ma wajen rabon abinci ya yi gyangyaɗi. In ya dawo gida yana cika baki sai ta ce, "Sannu da aiki, alƙalin da ba ya sauraren shari'a." Ya yi dariya, ya ci tuwonsa.

Cikin masu zuwa shagon babu wanda Nma yake ji da shi kamar Baba Isaiah Shekwolo. Dattijo ne Bagbagyi, ya yi shekara talatin da biyar yana aikin jirgin ƙasa, ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Limawa shi da matarsa Mama Hannah. Ranar farko da ya zo, ya nuna wani fim na ƙauye, Nma ya ce, "Kada ka ɓata idonka, Baba. Sun sa wata ta fito a 'yar Gbagyi, ta ɗauko itace a ka." Dattijon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa, don duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ya ce, "Kai yaron nan kana kallo da hankali." Tun daga ranar bai ƙara zaɓar fim da kansa ba. Duk Juma'a da yamma zai zo da ɗan memorinsa a naɗe cikin takarda, abin da Nma ya ce a kalla shi za a kalla a gidansa, abin da ya kushe an yafe shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Ko da Mama Hannah ta rasu, makonni shida kawai ya yi bai zo ba.

Akwai kuma wani fim da Nma ya mayar ma'auni. Na Turawa ne, na wasu masu jirgin ruwa. Ya leƙa farkonsa ya ga teku da hantsi, kyau kamar me. Ya leƙa tsakiya ya ga wani mai gemu riƙe da fitila, hawaye na zubo masa. Ya leƙa ƙarshe ya ga mace ita kaɗai a bakin ruwa. Shi ke nan, duk fim ɗin da za a kushe sai an auna shi da wannan. "Ku je ku ga yadda mai gemun nan ya yi kuka," in ji shi, "shi ne ginshiƙin fim ɗin, ba irin naku da ake ɗiga ruwa a ido ba." In wani ya ce to a tura masa, sai Nma ya girgiza kai ya ce ai ba na kowa ba ne, yana da nauyi, babu fassara, sai mutum ya samu natsuwa. Gaskiyar ita ce tsoro yake kada wani ya kalla ya dawo masa da tambaya.

Wata Talata, ba ranar zuwansa ba, sai ga Baba Isaiah ya sauko daga keke, 'yarsa Hadassah na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya lalubi benci ya zauna. Nma ya rage sifika ya durƙusa ya gaishe shi.

"Daga asibiti muke," in ji dattijon. "Ba yanar ido ba ce da za a cire. Jijiyar ce take mutuwa. Na dama ya riga ya tafi, na hagun ma abin da ya saura kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita ya ce in akwai abin da nake so in gani, in gan shi yanzu."



"Na ga jikokina, na je ƙauye na ga gona," Baba ya ci gaba. "Saura wannan fim naka na masu jirgin ruwa. Shekaru kana cewa sai an samu natsuwa. To na samu. Ka kawo shi ran Asabar, ƙarfe biyu, lokacin idon ya fi buɗewa. Kuma ka zauna tare da ni, abi? Inda ban gani ba ka gaya mini, tunda kai ka san shi."

"In Allah ya yarda, Baba," in ji Nma, bakinsa ya riga hankalinsa kamar kullum.

Kwana huɗu gare shi, fim ɗin kuwa awa biyu da rabi ne. Ko rago ya isa ya gama shi. Ran Laraba ya kunna bayan azahar, ya farka ya tarar mai aski yana ɗaukarsa hoto da waya. Ran Alhamis aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ya ji wani daɗi a ransa da bai kamata ya ji ba. Ran Juma'a ya yi ta maza, ya tsaya a tsaye don kada barci ya ɗauke shi, ya kai minti ashirin, sai 'yan makaranta suka cika shagon. Rahmatu ta ce masa, "Ka je ka gaya wa bawan Allahn nan gaskiya. Idonsa ne fa na ƙarshe, ba naka ba." Ya ce mata ai ya kama kan labarin, sauran duk zai iya haɗawa. Ta dube shi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ran Asabar ya rufe shago ya hau keke zuwa Limawa. Hadassah ta riga ta jawo kujerar babanta dab da talabijin, ta ajiye wa baƙo kunun zaƙi. Dattijon ya sa rigarsa ta zuwa coci. Wannan rigar ce ta fara karya wa Nma gwiwa.

Minti ashirin na farko ya yi rawar gani. Yana faɗin abu kafin ya faru, Baba yana cewa, "Ka ji masani." Daga nan jirgin ya shiga hadari, fim ya yi baƙi ƙirin. Ashe tekun hantsin nan shi ne kusan duk hasken da ke ciki. Sauran duk a cikin ƙasan jirgi ake yi, inuwa na magana da inuwa. Mai ido biyu ma sai ya ƙanƙance su.

"Nma, an ɗauke wuta ne?"

"A'a Baba, fim ɗin ne haka."

"To me suke yi?"

Ya matso ya ƙura ido, yana faɗin abin da ya iya tsinta. Gumi ya jiƙa masa riga. Can wajen tsakiya sai ga mai gemu da fitilarsa. Nma ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Yauwa Baba, ga shi nan, ga ginshiƙin!" Dattijon ya karkata kai ya kawo idon hagu daidai allon. Mai gemu ya ajiye fitila, ya share hawaye, ya ci gaba da yankan albasa. Kukun jirgin ne. Ya tambayi wani ina aka ajiye gishiri, aka nuna masa, ya fita. Bai ƙara fitowa ba.

Hadassah, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta shige kicin da sauri. Aka ƙara kamar minti biyar, sai Baba Isaiah ya juyo wajen Nma.

"Wannan matar da aka bari a gida," ya ce a hankali, "mijinta zai dawo?"

Nma ya buɗe baki. Ƙarya guda uku suka zo masa a jere, kowacce da ƙafafunta. Ya dubi dattijon, ya ga yadda ya miƙa wuya yana neman haske da ragowar idonsa, sai kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya sa hannu ya tsayar da fim ɗin.

"Ban sani ba, Baba. Ban taɓa kallonsa ba."

Ya faɗi komai. Leƙe uku, minti biyu-biyu, murya a kashe. Ya faɗi barcin, ya faɗi dalilin da ya sa yake hana mutane wannan fim. Yana magana yana jiran a ɗaga sanda, don da an kwaɗa masa da ya fi samun sauƙi. Baba dai ya jingina da kujera, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa.

"Wannan da ka yaba ke nan," ya ce. "Waɗanda ka hana ni fa? Su ma leƙen ne?"

"Su ma, Baba."

"Duka?"

"Duka."



"Akwai wani na Kudu," in ji Baba, "na wata tela da ta je birni. Matan zumunta suka ba Hannah labarinsa a coci, ta dawo ta dame ni. Na zo wurinka sau biyu. Ka ce shirme ne, ɓata lokaci ne. Na koma na gaya mata, ta ce, to, tunda Nma ya faɗa. A daminar shekarar ta rasu." Ya juyo da fuskarsa wajen da Nma yake, bai dace daidai ba. "Kana da shi har yanzu?"

Nma ko tuna fim ɗin bai yi ba. Wannan ne ya fi ci masa rai a hanyar komawa, har mai keke ya wuce da shi Sauka Kahuta bai ce a tsaya ba.

Yanzu in yana ba da labarin nan, dariya yake ba mutane. Yakan kwaikwayi kansa yana ihun "ga ginshiƙin!", ya kwaikwayi mai gemu da albasarsa, benci ya kwashe. Leƙe ukun bai daina ba, don aikin ya gaji haka. Abin da ya sauya kaɗan ne: in aka tambaye shi yakan ce, "Ban kalla ba, leƙawa na yi." Mu kuwa sai mu ce Oga Nma akwai barkwanci, mu matsa masa sai ya faɗi ra'ayinsa, shi kuma ba a matsa masa sau biyu. Amma a kan mai albasa yake tsayar da labarin. Asabar ta biyu, wadda ya koma Limawa, ba ya ba da ita a benci. Daga bakin Rahmatu da Hadassah aka haɗa ta.

Kwana biyu ya yi yana tonon tsofaffin ma'ajiyar kwamfutarsa kafin ya samo fim ɗin telar. Ya kashe sifikar bakin ƙofa, har mai doya ta leƙo ta tambaya ko an yi rasuwa ne. Ya ja ƙofa, ya ajiye robar ruwan sanyi yana shafawa a fuska, ya kalle shi daga farko har sunayen ƙarshe, da murya.

Shirme ne. Sandar ɗaukar magana tana leƙowa ta saman hoto. Kiɗa yana danne zance. Wani da aka binne a kashi na ɗaya ya gifta ta bayan kasuwa a kashi na biyu yana cin masara. Nma ya kama kansa yana murmushin "ai na faɗa", sai ya ji ya tsani kansa fiye da ranar Asabar.

Da Asabar ta zagayo ya kai shi Limawa ƙarfe biyu daidai. Wannan karon Baba bai sa rigar coci ba, singileti ce a jikinsa. Abu ɗaya fim ɗin yake da shi, haske. Komai da rana tsaka aka ɗauka, atamfofi ja da rawaya, fuskoki manya-manya cike da allo. Dattijon ya ce yana ganin motsinsu. Nma ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa yana cike masa gurbi: ta shiga shago, ta ɗauki almakashi, mai gidan haya ya biyo ta. Sharhi ya taso masa har maƙogwaro ya fi sau goma, yana haɗiyewa.

Aka zo inda telar, garin sauri, ta ɗinke ƙafafun wandon ango duka biyu, angon ya zura ƙafa yana tsalle a tsakar gida, dangin amarya na jira a waje. Baba Isaiah ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Daga nan bai ƙara motsi ba har fim ya ƙare.

"Ka yi gaskiya, Nma," ya ce. "Shirme ne."

Nma ya sunkuyar da kai.

"Irin shirmen da Hannah take so ke nan. Wurin wandon nan, da ta yi dariya har ta sauko daga kujera. Da ta ce, Isaiah, mayar mini baya. Sau uku sai ta sa na mayar." Ya kai hannu ya shafa kujerar da ke gefensa, wadda ba kowa a kai. Hadassah ta sa bakin zaninta ta rufe fuska.

Nma ya so ya ce a yafe masa, ya ga maganar ta yi ƙanƙanta.

"Mayar mana baya," in ji dattijon. "Wurin wandon."

Nma ya mayar.